Tukunyarki Ta Fito Lafiya

Mariyama, tukunyarki ta fito! Ta fito daga wuta lafiya lau, babu tsaga ko ta silin gashi. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa ta yi ƙara kamar ƙarfe, na zagaya ta baya na sake ƙwanƙwasawa, haka dai. Sai da na zagaye ta sau uku, kakarki na tsaye da tsintsiya a hannu tana tambayata ko zautuwa na fara.

Kin ga ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gwaggonki Halima da maigidanta da yara, da fatan gajiyar hanyar Yamai ta sake ki. Allah ya tsare ki a garin da ba ki saba da shi ba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Mu nan unguwar Kara-Kara a Damagaram lafiya muke, sai ciwon gwiwar kakarki da kika bari.

Na san akwai waya. Na kira sau biyu, kin gaishe ni da ladabi, kin miƙa wa gwaggonki. Ban ga laifinki ba. Ni ma a waya bakina ba ya faɗin abin da ke cikina, sai tambayar zafi da abinci. Shi ya sa na ɗauko kaye da bik, littafi da alƙalami, in rubuto miki. Rubutun wanda ya koyi haruffa bayan ya yi furfura ne, inda ya karkace ki yi haƙuri.

Gwaggonki ta ce kin gaya mata hannunki ba zai ƙara taɓa yumɓu ba, a nema miki wurin koyon ɗinki. Ɗinki sana'a ce mai albarka, ban raina ta ba. Amma na san ba son ɗinki ya kai ki Yamai ba, maganata ce ta kore ki. To kafin ki hau keken ɗinki, ki karanta wannan takarda har ƙarshe. Zan ba ki labarin wautar da na yi a wannan sana'a. Tun rasuwar babanki kike hannuna, ban taɓa ba ki ko ɗaya ba, don na fi son ki riƙa ganina gwani.

Kin san a wajen Mirya aka haife ni, gidan maginan tukwane. Randa da tulu muke yi, ba mu san wata tukunyar fure ba. Mahaifina idan aka kwashe toyi sai ya sa a cika kowace randa da ruwa a bar ta ta kwana. Wadda aka tarar ƙasanta ya jiƙe, ƙafa yake sa mata ya fasa ta. A gidanmu a ce tukunyarka na yoyo ya fi zagi ciwo. Kuma kin san Damagaram da ruwa. Mun girma muna kallon mata na bin layin famfo tun asuba, ruwan da aka wanke kwano da shi ma ba a zubarwa, awaki ake ba. Da wannan kan na shigo birni.

Da roba da bidon ɗibar ruwa suka cika kasuwa, cinikin tulu ya mutu. Ina zaune babu aiki sai ga matar wani likita, ƴar wajen kogin Yamai ce, Madam muke ce mata. Ta ce tana son tukwanen da za ta shuka furanni a ƙofar gidanta, guda goma sha biyu, kuma kowace a huda mata gindi. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce wannan baiwar Allah ba ta san garin da ta zo ba. A sayi ruwa wurin ɗan garuwa, a zuba a tukunya, ya bi ta ƙasa ya tafi? Sai na gina mata su babu huda ko ɗaya. Har cikinsu na goge da dutse sumul don kada ɗigo ya fita. Wallahi a ganina alheri na yi mata, har ina jiran godiya.

Bayan wata guda ta aiko in zo. Ganyen duk ya yi rawaya ya langaɓe. Na duba na ce ƙishi ne, a ƙara ruwa. Aka ƙara. Da na koma, goma sun mutu.

Tana da mai kula mata da garka, lambun gidanta, wani tsoho mutumin Gaffati, Baba Manzo. Ya tumɓuke shuka ɗaya ya kawo saiwar daidai hancina. Wari kamar na kwata. Sannan ya ɗauko ƙusa da dutse, ya kwantar da ɗaya daga biyun da suka rage, ya fara huda ta a gabana. Na riƙe masa hannu. Ya dube ni ya ce, "Magini, randa aka sa ka ko ɗakin shuka? Saiwa ma numfashi take yi." Ya fizge hannunsa ya ci gaba. Baƙin ruwa ya tsiyayo har kan takalmina.

Na tafi ko sallama babu. Kusan shekara biyu ina canza hanya don kada in bi ta ƙofar gidan. Ran da na bi, biyun nan da ya huda sun yi tsawo har sun leƙo katanga, jajayen furanni a kansu. Na sayi goro na je na durƙusa masa. Shi ya koya mini abin da na koya miki: tsingaro a kan hudar, tsakuwa a bisa, sannan rairayi da taki. Da na ce har yanzu ruwan da ke zuba yana ci mini rai, ya yi dariya ya ce in gina ɗan kasko a riƙa sawa a ƙarƙashi, abin da ya taru a mayar ko a ba kaji. Kaskon da kike gani muna haɗawa da kowace tukunya, daga nan ya samo asali.

Don haka duk abin da za ki gina, ki fara tambayar me zai zauna a ciki. Kuma in mai aiki ya ce ga yadda yake so, ke kuma kina ganin kuskure ne, ki faɗa masa a fuska, ku yi gardamarku a gama. Kada ki ce to ki je ki yi naki a ɓoye. Wannan "to" ɗin ta kashe wa baiwar Allah furanni goma.

Na biyu ya fi wannan kunya. Wani ma'aikacin biro, wato ofis, ya kawo mini takarda, an zana dogayen tukwane masu kusurwa huɗu, da lambobi a gefe. A tsakanin ginshiƙan barandarsu za a jera su. Na karɓi takardar na riƙe, ina gyaɗa kai, har ina bin lambobin da yatsa kamar mai karatu. Ya tambaye ni na gane, na ce sarai. Ko harafi ɗaya ban sani ba a lokacin. Na dawo gida na auna da taƙin hannuna yadda idona ya ba ni. Aikin ya yi kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Aka ɗora a amalanke muka kai. Ta farko ta ƙi shiga, ta biyu ta ƙi, duka sun ɗara wurin da kamar yatsa huɗu. Toyayyar tukunya kuwa ba a rage ta. Mutumin ya tambaye ni ko ban duba takardar ba. Na ce ruwa ne ya jiƙa ta, lambobin suka goge. Ƙarya nake, takardar na aljihuna a bushe.

Da na dawo da kayan, kakarki ta dube su ta dube ni ta ce unguwar nan ƴan lakwal masu karatun boko sun fi kaji yawa, da na tare ɗaya ya karanta mini. Na yi mata tsawa. Mako na zagayowa na je na sa sunana a karatun manya da ake yi bayan la'asar. Malamin da ke koya mana, mushe muke ce masa, sa'an babanki ne. Na zauna a kan ɗan bencin yara gwiwata na taɓa haɓata, ina maimaita a, ba, ca. Abokaina na majalisa suka sa mini suna ɗan lakwal, har yau Malam Habu tela bai daina ba. Ga shi da wannan karatun nake miki magana.

Yamai za ki ji Zabarmanci, za ki ji sunayen furanni da Faransanci waɗanda ba mu taɓa ji ba. Ki ce ban gane ba, a maimaita mini. Kunyarta ta minti ɗaya ce. Ki sayi metir ki sa a jaka, ki je ki auna wurin da kanki ko da an rubuto miki.

Akwai kuma shekarar da na yi wa mutum alkawarin tukwane kafin Sallah, lokaci ya ƙure, na fito da su daga inuwa na shanya a rana tsaka. Kafin azahar ina jin su suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kin san shi, don na sha hana ki, sai dai ban taɓa gaya miki a jikina na koya ba. A inuwa ake busarwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kuma kada ki sa wa mutum ranar da ba ki tabbata yumɓu zai bushe ba. Ƙasar bakin kogin Yamai ma ba irin tamu ba ce. In kin samo, ki fara gina ƙanana ki toya ki ga halinta.

Yanzu sai wadda ta sa na ɗauki bik.

Kusan mako bakwai kika yi a kan tukunyar nan. Ina kallonki ta gefen ido. Kin tayar da ita kamar rumbu har ta kai mini ƙugu, kin ɗora mata zanen gidajen Birni, mai kauri, ya fito waje kamar a jikin soro, kin yi mata ƙananan aljihuna kewaye inda za a sa ƙananan shuke-shuke su zubo. Ranar da kika gama na shigo da Malam Habu da Alhaji Sani Bakano da ke sarin kayanmu. Na leƙa ciki sai na ga kin bi bayan zanen kin tsattsaga da tsinke, ƙananan huda ba iyaka. Kin tuna abin da na ce. Ni ma na tuna, kuma zan rubuta shi don kada ki zaci na manta: "Wannan ai rariya ce. Wuta na taɓa ta za ta watse ta kashe mini na kusa da ita. Ba za ta shiga matoyata ba." Suka yi dariya. Kika buɗe baki za ki yi bayani na ɗaga miki hannu. Kika rufe ta da buhu, kika wanke hannunki. Bayan kwana goma kika ce za ki wurin gwaggonki.

Ba hudar ce ta dame ni ba, Mariyama. Na daɗe ina gaya wa kaina ita ce, amma ba ita ba ce. Tun kafin a haife ki nake son in ɗora zane mai kauri a jikin tukunya. Duk wadda na gwada sai ta fashe a wuta, har na yanke cewa ƙasarmu ba ta ɗaukar wannan aiki, na riƙa faɗa wa mutane haka. Sai ga yarinyar da na koya wa kwaɓa yumɓu ta yi abin a tsakar gidana, kuma ya fi wanda nake gani a kaina kyau. Ƙirjina ya yi nauyi. Maimakon in tambaye ki, sai na nemi a yi dariya.

Bayan tafiyarki tukunyar na nan inda kika bar ta. Kakarki ta rage mini magana, sai ga tuwo, ga ruwa. Ran nan ta ce ko in toya ta ko in fasa ta, ta gaji da zagaye ta da tsintsiya, kuma ta gaji da ganina ina ɗaga buhun ina leƙe in na zaci ba ta kallo.

Ki ji abin da kakanki ya yi. Na zauna na gina wata ƴar ƙarama tawa, da zane mai kauri irin naki, amma ban tsaga ta ba, na shafe ta sumul. Nufina in sun fito in nuna miki yadda ake yi. Na bar ta ta bushe sosai. Laraba bayan la'asar na jera kaya a matoya, na sa tukunyarki da tawa can gefe guda nesa da na mutane, na lulluɓe da kashin shanu da kara da ƙaiƙayi, na sa wuta. Kafin magariba muka ji tau, kamar an fasa ƙwarya da taɓarya. Na juya na ce wa kakarki, kin ji ko, ta tafi. Ta shige ɗaki abinta. Ni kuwa ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Tuwon ma kaɗan na taɓa.

Da safe na ɗauki sanda na fara ture toka. Abin da na fara cin karo da shi ɓaraguzai ne. Na ɗauki ɗaya na juya, sai na ga zanen hannuna. Tawa ce ta watse. Taki na tsaye a gefenta, ja wur, toka na zuba daga aljihunanta.

Na zauna a ƙasa na daɗe. A nan na gane. Wuri mai kauri ko ya bushe a waje akwai laima a cikinsa, in wuta ta kama shi sai laimar ta nemi hanya, in babu ta fasa. Ke kin yi mata hanya. Shekaru nawa ina asarar tukwane a kan abin da tsinken tsintsiya ke magani. Kuma ki duba, huda ce dai ta sake kayar da ni. Na zaci na gama wannan karatun a hannun Baba Manzo, ashe rabi na ɗauka.

Wa ya koya miki? Ni dai ban koya miki ba. Tambaya nake da gaske. Zurfin nawa kike sa tsinken, kuma yaushe, yumɓun na ɗanye ko ya fara ƙarfi? Na leƙa na auna da idona amma ban yarda da idona ba. Ina son in koya kafin hannuna ya fara rawa.

Da yake a gaban mutane na yi maganar, a gabansu na je na janye ta. Alhamis na tarar da majalisa ta cika, na ce musu abin da na faɗa a kan aikin jikata ƙarya ne, hassada ce ta tsufa, ta fi ni. Malam Habu ya ce ɗan lakwal ya sake komawa aji ɗaya. Na ce e, kuma wannan karon malamar ta yi fushi ta tafi. Suka biyo ni gida. Alhaji Sani ya zagaya ta yana shafawa, ya ce a naɗe masa ita a ciyawa ya tafi da ita Kano, kuma yana son irinta duk yadda aka samu. Na ce ba tawa ba ce, mai ita na Yamai, kuma ban san ko za ta ƙara yin wata ba. Ya tambayi dalili. Na ce ya tambayi wanda ya yi dariya ranar. Ya ɗauke hannunsa daga kanta.

Ki yafe mini, Mariyama. Na yi miki laifi, ba na tsufa ba ne, ba na wasan kaka da jika ba ne, laifi ne.

Ba cewa nake ki tattara ki dawo ba. In Yamai ta karɓe ki, ki zauna. Gwaggonki ta ce masu sayar da furanni jere suke a bakin hanya, kuma tukwanensu duk siminti ne da roba. Ki je ki gaishe su, ki tambaye su wace shuka ke son zurfi, wace ke son faɗi, ki gina musu ɗaya su gani. In kuma kin duba zuciyarki kin ga ɗinkin take so tsakani da Allah, ki yi, ni zan fara kawo miki yadi. Abin da ba na so shi ne ki ajiye abin da Allah ya sa a hannunki saboda maganar da wani tsoho ya yi don a yi dariya. Za ki haɗu da irina da yawa a can, waɗanda suka daɗe a sana'a. Ki girmama su, ki saurare su, mafi yawan abin da za su faɗa gaskiya ne. Amma in sun ce abu ba ya yiwuwa, ki gwada da ƙarama a gefe ki bar wuta ta raba. Wata rana kuma ke za ki zama babba, wata yarinya ta kawo miki abin da ba ki taɓa gani ba, ki ji ƙirjinki ya yi nauyi. Ranar ki kama bakinki, ki ce mata ta nuna miki.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki bi gwaggonki, tana da faɗa amma ba ta da riƙo. Allah ya yi miki albarka, ya tsare fitarki da shigarki, ya sa wa hannunki albarka a duk abin da ya kama. Allah ya jiƙan babanki. Kakarki na gaishe ki, ta dawo yi mini magana, har ta yi yawa.

Ni ne kakanki, Lawali magini.

Na manta. Gwaggonki ta ce in sa a ɗauki hoton tukunyar a turo muku ta waya. Na ƙi. Hoto ba ya ƙara in an ƙwanƙwasa shi. Mun kafa ta a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ban zuba mata ƙasa ba, ban shuka komai ba, ke za ki zaɓi abin da zai shiga. Tun jiya mutane ke tsayawa, har mai kabu-kabu ya sauke fasinja ya zo ya leƙa, kuma duk wanda ya tambaya sunanki nake faɗa masa. Na aika Mirya a gaya wa ƴan uwa, na aika Takeita wurin kawunki. Ku ma ku taho da Sallah, ke da Halima da maigidanta da yaran duka, har maƙwabtanku in akwai mai son zuwa, tabarma ba za ta gagara ba. Ku zo ku gani da idonku.